Bayan An Kashe Majigi: Me Fina-finan Sauyin Yanayi Ke Barin Mai Kallo Da Shi?

Sauyin yanayi matsala ce mai wuyar ɗauka a hoto. Gobarar kasuwa tana da ranar da ta tashi da ranar da ta mutu, haka ambaliya, haka yaƙi. Mai kyamara zai je ya tsaya ya ɗauko. Amma iskar kabon da ke taruwa a sararin sama tana riƙe zafin rana ba ta da launi, ba ta da wari, ɓarnarta kuma a hankali take tafiya, shekara bisa shekara, har yaron da aka haifa a cikinta ya girma yana zaton haka duniya take tun fil azal. Tun 1958 ake auna yawan wannan iska a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawaii. Sa'ad da aka fara, tana wajen kashi 315 cikin miliyan na iskar da muke shaƙa. Yau ta haura 420. Masana sun daɗe da sanin abin da waɗannan alƙaluma ke nufi, sun kuma rubuta shi a rahotanni masu dubban shafuka, waɗanda in ban da su da ɗalibansu da wuya a sami mai karantawa. Wannan giɓi ne masu shirya fina-finan gaskiya, waɗanda ake kira dakumantari, suka shafe wajen shekara ashirin suna ƙoƙarin cikewa. Sun yi aiki babba, kuma ina ganin ya kamata a faɗa. Sai dai nasarar tasu ba ta faɗo a inda aka zata ba, kuma sanin inda ta faɗo shi ne zai amfani duk mai son yin irin wannan aiki nan gaba.

Duk mai maganar nan daga fim ɗin Al Gore yake farawa, wato An Inconvenient Truth na 2006, wanda Davis Guggenheim ya ba da umarni. In ka dubi abin da ke cikinsa, ba ka ce zai yi kasuwa ba: tsohon mataimakin shugaban Amurka ne tsaye a kan dandamali yana lacca da hotuna da jadawali. Amma akwai wurin da ya tsaya wa mutane a rai. An nuna layin iskar kabon na shekara 650,000, wanda aka samo daga kumfar iskar da ta maƙale a ƙanƙarar Antaktika, yana hawa yana sauka bai taɓa wuce 300 ba. Da aka zo zamaninmu sai layin ya miƙe sama, har sai da Gore ya hau injin ɗaga mutum kafin hannunsa ya kai inda ake hasashen zai je. Abin da shafi ɗari bai iya shigarwa kan mutum ba, minti biyu suka shigar. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2007, a shekarar kuma aka raba kyautar Nobel ta zaman lafiya tsakanin Gore da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC. An kai shi makarantu a ƙasashe da dama. Kalmar ɗumamar duniya ta fita daga ɗakin bincike ta shiga hirar cikin gida.

To daga nan sai me? Wani masanin tattalin arziki a Amurka, Grant Jacobsen, ya bi diddigin abin ta wata hanya mai hikima, ya wallafa sakamakon a 2011. Akwai kuɗin da mutum ke biya da son ransa domin a yi wani aikin rage hayaƙi a madadin wanda shi ya fitar da motarsa ko tafiyarsa a jirgi. Jacobsen ya kwatanta unguwannin da ke cikin mil 10 daga silimar da ta nuna fim ɗin da waɗanda ke nesa. A wata biyu na farko, biyan irin wannan kuɗi ya ƙaru da kusan rabi a unguwannin kusa. Da shekara ta zagayo, babu alamar waɗanda suka biya sun sake biya. A Birtaniya ma Rachel Howell ta bibiyi waɗanda suka kalli wani fim na 2009, The Age of Stupid, ta ga abu biyu: yawancinsu tun kafin su shiga silima sun riga sun damu da batun, sannan ƙarin damuwar da suka fito da ita ta dushe cikin 'yan makonni. Wutar kara ke nan, ta tashi fuu ta haska ko'ina, kafin a ɗora tukunya ta zama toka.

Ban ga laifin masu kallo a nan ba. Mutum ya fito daga kallo hankalinsa a tashe, an ce masa garuruwan bakin teku za su nutse, sannan abin da aka miƙa masa ya yi shi ne ya canza ƙwan lantarki, ya duba iskar tayar motarsa. Ko yaro ya san girman ciwon da girman maganin ba su yi daidai ba. Tsoron da ba a nuna masa ƙofar fita ba kuwa, zuciya ba ta iya riƙe shi da daɗewa; ko dai ta ajiye shi ta ci gaba da harkokinta, ko ta nemi wanda zai ce mata ƙarya ne. Shi ma na biyun an same shi. A watan Maris na 2007 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta nuna The Great Global Warming Swindle, wanda ya ce duk maganar yaudara ce. Da kayan aiki iri ɗaya aka haɗa shi: farfesoshi a gaban kantar littattafai, jadawali, murya mai natsuwa. Ɗaya daga cikin masanan da aka nuna a ciki, Carl Wunsch na jami'ar MIT, ya fito ya ce an murɗe maganarsa, hukumar sa ido kan kafofin watsa labarai ta ƙasar, Ofcom, ta kuma yanke a 2008 cewa ba a yi masa adalci ba, shi da IPCC. Amma wanda ya kalla a daren ya riga ya kalla. Muna cewa gani ya kori ji, gaskiya ne, sai dai a fim wani ne ya zaɓar maka abin da za ka gani, ya kuma zaɓi abin da zai bari a bayan kyamara.

Alƙaluman da suka biyo baya ba su da daɗin ji. Cibiyar Pew ta samu cewa a 2006 kashi 77 cikin 100 na Amurkawa sun yarda akwai ƙwaƙƙwarar shaida cewa duniya na ɗumama. A ƙarshen 2009 sun koma 57. Dalilan suna da yawa, har da durƙushewar tattalin arziki ta 2008 da kuɗin da masu adawa da dokokin hayaƙi suka zuba. Akwai kuma wanda ya shafi fim ɗin Gore kai tsaye: wanda ya ɗauko saƙon ɗan siyasa ne da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyya ɗaya, don haka rabin ƙasar suka ɗauki maganar a matsayin ta abokan hamayya. Hayaƙin da duniya ke fitarwa daga man fetur da kwal da gas ya tashi daga wajen tan biliyan 30 a 2006 zuwa wajen biliyan 37 a 'yan shekarun nan, 2024 kuma ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Ba adalci ba ne a ɗora wa fim wannan nauyi, amma wanda ya ce wayar da kai kaɗai ta isa, ga amsarsa nan.

Akwai wani ɓangare na tarihin fim ɗin Gore da ya taɓo mu kai tsaye, kuma a kansa nake son in daɗe. Da gwamnatin Birtaniya ta aika da shi makarantun sakandare na Ingila, wani uba ya kai ƙara yana cewa farfagandar siyasa ce. A watan Oktoban 2007 Mai Shari'a Michael Burton na babbar kotun Landan ya yanke cewa ginshiƙin fim ɗin a kan binciken kimiyya yake, za a iya nuna wa ɗalibai, amma sai an haɗa da takardar bayani ga malamai, domin ya ga wurare tara da Gore ya zarce abin da shaida ta tabbatar. Cikinsu akwai batun hawan teku da ƙafa 20 a nan kusa, da ƙanƙarar dutsen Kilimanjaro, da Tafkin Chadi. Gore ya nuna ƙafewar tafkin a matsayin aikin ɗumamar duniya. Alƙali ya ce shaidar ba ta kai a yanke haka ba.

Duk wanda ya taɓa ganin shiri kan Tafkin Chadi ya san hotunan nan na tauraron ɗan'adam da ake jerawa: na 1963 shuɗi fal, na 1973 ya ragu, na 1987 ɗan tsiriri. Daga nan sai a ce tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Lissafin ba ƙarya ba ne in ka tsaya a waɗannan shekaru, domin ya sauko daga wajen murabba'in kilomita 25,000 zuwa wajen 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Abin da ba a cika faɗa ba ya fi wanda ake faɗa yawa. Tafkin ba shi da zurfi, shi ya sa ƙaramin sauyi a ruwan da ke shigowa kan janye gaɓarsa da nisan gaske, kuma tun kafin zamanin masana'antu yana cika yana ja da baya. Mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logone yake zuwa, daga can kudu, ta Afirka ta Tsakiya da Kamaru da kudancin Chadi. Shekarun 1950 da farkon 1960 da ake fara lissafi daga kansu shekaru ne na damina mai albarka fiye da yadda aka saba. Farin 1973 da na 1984 da dattawanmu ba su manta ba, bincike ya danganta su da sauyin zafin ruwan tekuna, har da hannun ƙurar hayaƙin masana'antun Turai da Amurka wadda ta sanyaya arewacin Atlantika ta tura damina kudu. Ga kuma ruwan da ake ɗiba don noman rani, ga madatsun Tiga da Challawa da suka rage abin da ke gangarawa ta Haɗeja zuwa Komadugu Yobe. Mafi muhimmanci, binciken tauraron ɗan'adam na baya-bayan nan ya nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, ya ma ɗan farfaɗo.

Wannan ba ya nufin masunci a Baga ko manomi a Diffa yana cikin daɗi. Abin da ke damunsa shi ne rashin tabbas: bana ruwa ya cinye gonar da bara ta yi masara, baɗi kuma ya janye ya bar kwalekwale a tudu, zafi ya ƙaru, ruwan sama yana zuwa da ƙarfi a lokacin da ba a zata ba, rikicin Boko Haram da matakan soja kuma sun toshe ƙaurar da a da ita ce dabarar rayuwa a bakin tafki, inda mutum ɗaya kan yi su, ya yi noma, ya yi kiwo gwargwadon yadda ruwa ya kai. Hannun sauyin yanayi yana cikin wannan rashin tabbas. Amma labarin "tafki na mutuwa" ya fi sauƙin nunawa a minti ɗaya, kuma shi ne ya zauna a kan shugabanni. Shekara da shekaru ana ta maganar janyo ruwa daga kogunan yankin Kwango ta wata doguwar hanyar ruwa da za ta ci biliyoyin daloli, alhali abin da mutanen gaɓar ke roƙo shi ne tsaro, da hanyar kai kifi da barkono kasuwa, da sanarwar lokacin da ruwa zai taso. Hoton da aka gajarta yana haifar da maganin da bai dace da ciwon ba. A nan ne nake ganin ƙari a kan gaskiya, ko da da kyakkyawar niyya, yana cutar da waɗanda aka ce ana yi domin su.

Akwai masu fim da suka koyi darasin, suka rage magana suka bar shaida ta yi. James Balog, mai ɗaukar hoto, ya fara a 2007 yana kafa kyamarori a gaban tsaunukan ƙanƙara a Girinlan da Aisilan da Alaska, suna ɗaukar hoto a kai a kai shekara da shekaru. Da aka haɗa hotunan aka gudanar da su da sauri a fim ɗin Chasing Ice na 2012, sai ka ga ƙanƙarar da ta yi dubban shekaru tana ja da baya a gaban idonka. A 2008 ma'aikatansa sun ɗauki minti 75 na ɓallewar wani katafaren yanki na ƙanƙarar Ilulissat a Girinlan. Babu mai gardama da wannan. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne abin da suka yi bayan an gama yabon fim ɗin. A 2014 suka zaɓi mazaɓa guda a jihar Ohio, ta wani ɗan majalisa, Pat Tiberi, wanda jam'iyyarsa ba ta ɗauki batun da muhimmanci ba. Suka zauna a can suna nuna fim ɗin a makarantu da majami'u da tarukan manoma, suna neman kowane mai kallo ya aika wa wakilinsa saƙo. Bayan 'yan shekaru Tiberi ya shiga rukunin 'yan majalisar jam'iyyun biyu masu neman mafita kan yanayi. Ba za a rantse fim ne kaɗai ya juya shi ba. Amma sun fahimci abu guda: su san wa suke so ya motsa, da kuma abin da suke so ya yi.

Haka abin ya kasance da Blue Planet II na BBC a 2017, kodayake shi a kan teku yake, kuma abin da ya fi tsaya wa mutane shi ne sharar leda da roba. Da masu bincike suka gwada, sun ga waɗanda suka kalla sun ƙaru da sani, amma da aka ba su zaɓi tsakanin abin ci a roba da na takarda, ba su bambanta da waɗanda ba su kalla ba. Duk da haka ministan muhalli na Birtaniya na lokacin, Michael Gove, ya ce hotunan sun hana shi sukuni, jaridu suka ɗauka, kamfanoni suka fara alkawura, Ingila kuma ta hana tsinken shan lemo na roba a 2020. Wato tasirin bai bi ta hannun mai saye ba, ta majalisa da ofis ya bi. Fim ya sa abin da ɗan siyasa ke jin nauyin taɓawa ya zama abin da yake jin kunyar bari.

Idan muka juyo Afirka, wadda hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na na duniya ba, tambayar takan canza. Fim ɗin da ke cewa rage tafiya a jirgi, sayi motar lantarki, ba da mai noman gero yake ba. An daɗe kuma ana nuna mu a irin waɗannan fina-finai a matsayin shaida kawai: busasshiyar ƙasa da ta tsattsage, gawar saniya, mace da tulu a ka, sai wata murya daga nesa tana bayani. Mutanen ba su da suna, ba a tambaye su me suka gani ko me suka gwada ba. A shekarun baya-bayan nan an sami waɗanda suka saɓa wa haka. A Thank You for the Rain na 2017, manomi ɗan Kenya Kisilu Musya shi ya riƙe kyamara da kansa shekaru yana ɗaukar gonarsa da iyalinsa, har da lokacin da guguwa ta yaye rufin gidansa, sannan ya je taron yanayi na Paris na 2015 ya ga yadda ake yanke hukunci a kan rayuwarsa. Wata mai shirya fim, Aïssa Maïga, ta je ƙauyen Tatiste a arewacin Nijar ta bi wata yarinya Bafulatana da ke kula da ƙannenta yayin da manya suka tafi neman abin kai wa baki, fim ɗin kuma ya je bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 2021. Ayyuka ne masu daraja. Amma mu faɗi gaskiya, yawancin masu kallonsu a Turai suke, can ne kuɗin ya fito, can ne bukukuwan suke, kuma can ne ake neman tausayin.

Irin fim ɗin da nake ganin ya fi kusa da buƙatarmu shi ne wanda ke nuna hannu yana aiki. Yacouba Sawadogo, manomin Yatenga a Burkina Faso wanda ya rasu a 2023, ya gyara tsohuwar dabarar haƙa ramuka a fako tun da rani, a zuba taki, gara ta huda ƙasa, ruwan farko ya tsaya a ramin maimakon ya gudu. Mark Dodd ya yi fim a kansa a 2010. Tun kafin fim ɗin, a ƙarshen shekarun 1980, an kai wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka gani da idonsu a Yatenga, suka dawo suka yi, dabarar da ake kira tassa ta bazu har mutane suka riƙa sayen fakon da a da ba wanda ke so. A Maraɗi kuma tun 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a lokacin sharar gona, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari su girma. Daga baya hotunan sama suka nuna cewa wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itatuwa, kimanin miliyan 200, gawo da sauransu, kuma ba dasa su aka yi ba. Volker Schlöndorff ya yi fim a kan wannan ma. Abin lura shi ne yadda ilimin ya yaɗu tun farko: maƙwabci ya ga gonar maƙwabci. Bidiyo zai iya yin wannan aiki a inda mota ba za ta kai manomi ziyara ba, kuma ƙungiyoyi irin su Access Agriculture da Digital Green sun gina aikinsu a kan haka, manomi yana nuna wa manomi, a harshen da suke ji. A nan mai kallo ba ya fitowa da tsoro hannu rabbana. Yana fitowa da abin da zai gwada kafin ruwan shuka.

Kada a ɗauka ina cewa a bar bayanin musabbabi. Binciken jin ra'ayin jama'a na Afrobarometer na 'yan shekarun nan ya nuna kusan mutum uku ne cikin goma a Najeriya suka ce sun taɓa jin maganar sauyin yanayi, alhali kusan kowane manomi zai gaya maka damina ta rikice. Wani bincike da sashen agaji na BBC ya yi a wajen 2009 ya samu cewa mutane da yawa suna danganta abin da ikon Allah ko da sare itatuwan da ake yi a kusa da su. Duka biyun ba abin raini ba ne, kuma fim ɗin da ya zo yana kallon imanin mutane a matsayin jahilci ya rufe wa kansa ƙofa. Malamin da zai yi magana kan amanar ƙasa da haramcin almubazzaranci da ladar dasa itace ya fi kowane baƙon masani samun kunnen jama'a. Amma akwai rashin adalci idan aka bar mace mai girki da icce tana zaton ita ta jawo zafin da ya kai maki 48.5 a Kayes ta Mali a watan Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafin da masana suka ce da ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba da bai kai haka ba. Tana da haƙƙin ta san inda mafi yawan hayaƙin ya fito, da dalilin da ya sa ƙasashenmu ke neman diyyar asara a tarukan duniya.

Hanyar kai saƙon ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin Turawa motar majigi ke shiga gari, a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada bayan isha'i, a nuna fim kan tsafta ko noman auduga, wani yana tsaye da lasifika yana fassarawa da Hausa. Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da shi bayan samun 'yanci. Aibinsa shi ne daga sama maganar ke saukowa, ba a jin ta ƙasa. Amfaninsa kuwa, jama'a tare suke kallo, da mai gari a wurin, abin da aka gani ya zama zancen gari washegari. Yau akwai gidajen kallo, akwai masu tura fina-finai a waya a kowace kasuwa, akwai tashoshin Hausa na tauraron ɗan'adam, akwai masana'antar Kannywood da ta san yadda ake riƙe mai kallo, akwai kuma gwanayen da ke fassara fina-finan Indiya har ka manta ba da Hausa aka yi su ba. Kayan aikin suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin bincike, da haƙurin zama da labari ɗaya damina biyu ko uku, da ƙarfin halin faɗin abin da mai ba da kuɗi ko mai mulki ba zai so ba.

Wannan na ƙarshe shi ne babban gwaji. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, masana na ƙungiyar World Weather Attribution kuma suka ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan ruwan sama a yankin Tafkin Chadi wajen sau 80. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. Jami'i zai so a ce sauyin yanayi a yi shiru, domin kalmar tana ɗauke laifi daga wuyan kowa ta kai shi sama. Mai musu kuma zai ce sakaci ne kawai. Fim na gaskiya a kan Maiduguri dole ya riƙe duka biyun: ya nuna da alƙaluman hukumar hasashen yanayi nawa aka yi ruwa a wannan damina idan aka kwatanta da na shekarun baya, sannan ya nemi takardun madatsar, yaushe aka gina ta, yaushe aka duba ta, nawa aka ware don gyara kuma ina aka kai, ya tambayi mutanen Gwange da na Fori ƙarfe nawa suka ji gargaɗi, in sun ji, ya bi magudanan da shara ta toshe da gidajen da aka ba izinin ginawa a hanyar ruwa. Bayan an gama, a fara nuna shi a unguwannin da ruwan ya ci, da Kanuri da Hausa, a gayyaci kansila da ɗan majalisar jiha da injiniyoyin madatsar su zauna a cikin jama'a su amsa tambayoyi, sannan a kai shi Haɗeja da Ringim da Lokoja da sauran garuruwan da ke zaune a gaɓar kogi ko a ƙarƙashin wata madatsar.